Iri Ne ko Tsaba? Ƙasar Kazaure da Tarihin Karatun Likita a Ƙetare

A shekarar 2016 gwamnatin Jihar Jigawa, a zamanin Muhammad Badaru Abubakar, mutumin Babura, ta ɗebi ɗalibai 60 ta tura su birnin Shenyang na ƙasar Sin su karanto aikin likita. Wasu suka bi bayansu zuwa Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum a watan Afrilun 2023 aka kwaso su a gaggauce, gwamnatin Umar Namadi ta sake nema wa da yawansu gurbi a Jami'ar Near East da ke arewacin tsibirin Sayifurus. Duk sanda irin wannan labari ya fito a rediyo, majalisun hira a Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura sukan rabu gida biyu. Wasu su ce an yi abin arziki, ga 'ya'yan talakawa za su zama likitoci. Wasu su ce an kwashi dukiyar jiha an kai wa baƙi alhali asibitocin karkara na kukan rashin kayan aiki. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, sai dai duka biyun da mudu ɗaya suke awo, wato yawan waɗanda aka tura da yawan kuɗin da aka kashe. Tarihin wannan tafiya, wanda ya haura shekara tamanin a Arewa, yana ba mu wani mudun daban. Manomi ya san bambancin iri da tsaba ko da daga dami ɗaya aka sussuka su: tsaba ta tukunya ce, iri kuwa ajiye shi ake yi sai damina. Ɗaliban da aka tura ƙetare aka ɗauke su a matsayin iri, suka dawo suka zama malamai aka gina makaranta a kansu, su ne suka sauya ƙasar nan. Waɗanda aka ɗauka tsaba, aka warwatsa su ɗaiɗai don toshe giɓi, cikin 'yan shekaru aka cinye su, aka sake komawa kasuwa.

Fita neman ilmi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Masarautar da Ɗan Tunku ya kafa wajen 1819, bayan ya raba gari da Kano, tana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Daura da Damagaram, hanyar fatake da alhazai da almajirai. Tun kafin jihadi ma malaman ƙasar Hausa sun kai Masar. Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi daga Katsina, a Alkahira ya rasu a 1741. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta littattafai a kan ilmin ɗibbu, yana ɗebowa daga malaman gabas. Amma abin lura shi ne, littafi ake zuwa nema nesa, hannu kuwa a gida ake koyar da shi. Ɗan wanzami yakan shekara da shekaru yana ɗauke wa ubansa zabira, yana kallon yadda ake kafa ƙaho da yadda ake tsayar da jini bayan kaciya, kafin a miƙa masa aska. Ɗan maɗori yakan riƙe ƙafar da ta karye sau ba adadi kafin a bar shi ya jera karare ya ɗaure da kansa. Ungozoma a ɗakin naƙuda take koyo, a gefen tsohuwar da ta gaji sana'ar. A cikin waɗannan sana'o'i akwai abin da ilmin yau ya tabbatar yana cutarwa, irin su yankan gishiri da cire beli, kuma bai kamata a rufe ido a kansu ba. Duk da haka tsarin koyon yana ɗauke da gaskiyar da har gobe makarantun likita na duniya suke tafiya a kanta: mai warkarwa yana nuna ne a gaban majiyyaci, ƙarƙashin idon wanda ya fi shi.

Da Turawa suka zo, asibiti ya zo, amma ba a zo da niyyar yin likita daga cikin 'yan ƙasa ba. Kazaure tana cikin Lardin Kano, kuma abin da En'e ta iya samarwa shi ne asibitin sha-ka-tafi da malamin asibiti mai wanke gyambo da raba ƙwayoyi. Babban asibitin birnin Kano, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, an buɗe shi a shekarun 1920, sannan a 1932 aka kafa makarantar koyon tsafta ta Kano wadda ke yaye duba-gari. 'Yan mishan na SIM sun zauna a Roni da makarantarsu ta yara maza, suka kuma buɗe asibitin ido a Kano a 1943. A Legas an kafa makarantar likita ta Yaba a 1930, amma wanda ya gama ta mataimakin likita ake kiransa, albashinsa da matsayinsa na ƙasa da na Bature, takardarsa kuma ba ta aiki a wajen Nijeriya. Ke nan ga mutumin Gwiwa ko Babura na wancan zamani, kalmar likita Bature take nufi, kuma ƙofa ɗaya tak ce ke kai baƙar fata ga cikakken matsayin: ya hau jirgin ruwa zuwa Birtaniya. Kudu ta riga ta shiga ƙofar tun da daɗewa, domin Nathaniel King ya gama a Edinburgh tun a shekarun 1870. Arewa sai a ƙarshen shekarun 1930 ta samu nata na farko, Dakta Russell Aliyu Barau Dikko na Wusasa, wanda ya yi King's College ta Legas sannan Jami'ar Birmingham. Tazarar shekara sittin ce tsakanin mutanen biyu, kuma wannan tazara ita ce ramin da kowace gwamnatin Arewa, daga ta Sardauna har zuwa ta Dutse a yau, take ƙoƙarin cikewa.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi abin da rukunin farko suka yi da karatunsu. Dikko ya shiga aikin gwamnati a 1940, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, kuma asibitin koyarwa na Jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi yanzu. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ɗalibanta na farko rabin karatun suke yi a gida, su je Ingila su ƙarasa ɓangaren asibiti, saboda asibitin koyarwa na Ibadan sai a 1957 aka buɗe shi. Ta wannan hanya Ishaya Audu da Umaru Shehu suka bi. Gwamnatin Jihar Arewa ta gwada gajeriyar hanya a tsakiyar shekarun 1950, ta buɗe makarantar likita a Kano don yaye mataimakan likitoci, amma ba ta yi tsawon rai ba. Abin da ya dawwama shi ne wanda ya biyo baya. Ishaya Audu, likitan yara, ya zama shugaban Jami'ar Ahmadu Bello a 1966, shekara ɗaya bayan haka aka buɗe tsangayar koyon aikin likita a Zariya. Umaru Shehu ya koyar da ilmin lafiyar al'umma a can, daga baya ya koma Maiduguri ya ci gaba da raino. Da a ce an tura kowannensu wani asibitin lardi an bar shi shi kaɗai yana duba mutum ɗari a wuni har ya tsufa, da ya ceci rayuka masu yawa, babu shakka, amma da ranar da ya ajiye aiki wurin zai koma yadda ya same shi. Da aka tara su wuri ɗaya aka ba su ɗalibai, sai 'yan tsirarun da suka haye teku suka haifi dubbai waɗanda ba su buƙaci hayewa ba. Likitocin da suka fara riƙe asibitocin tsohuwar Jihar Kano daga cikin 'ya'yanta, mafi yawansu Zariya ce ta yaye su.

Makarantar gida ba likitoci kaɗai ta haifar ba, ta haifar da ilmin da babu wata jami'ar waje da za ta iya sayar mana. A shekarun 1970 likitocin Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka lura da yadda mata masu jego ke zuwa asibiti da kumburin jiki da sarƙewar numfashi, suka bi diddigi har suka danganta wannan ciwon zuciya da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya, ya wallafa sakamakon a 1985, ya nuna da alƙaluma cewa matar da ba ta zuwa awo, wadda ba a kawo ta asibiti sai naƙuda ta yi tsanani, ita ce ta fi shiga hatsarin mutuwa nesa ba kusa ba. A maƙwabtan Babura kuwa, a ƙasar Garki, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi bincike daga 1969 zuwa 1976 a kan zazzaɓin cizon sauro, suna fesa magani a ɗakuna, suna raba ƙwayoyi gida-gida, suna auna jinin mutanen ƙauyuka. Suka gano cewa a irin wannan ƙasa feshi da ƙwaya suna rage cutar ƙwarai amma ba sa katse ta, kuma har yau masana zazzaɓi a duniya suna komawa ga alƙaluman Garki. Mai gardama zai ce ai waɗannan masu binciken baƙi ne. Haka ne, yawancinsu baƙi ne, kuma wannan ma ƙarin hujja ce: su ne suka baro ƙasashensu suka zo nan, domin nan cutar take, nan majiyyacin yake. Ɗalibin da ya tsaya a bayansu a ɗakin marasa lafiya na asibitin Tudun Wada a Zariya ya koyi abin da takwaransa na Landan sai dai ya karanta a mujalla.

To me ya sa, bayan duk wannan, Jigawa take tura 'ya'yanta Sin da Sudan? Amsar tana cikin yadda aka raba gado a 1991. Tsohuwar Jihar Kano ta yi ƙoƙari. A zamanin Audu Bako da bayansa an gina asibitoci, aka cika su da likitocin haya daga Masar da Indiya da Pakistan, wasu 'yan ƙasa kuma suka samu tallafin karatu zuwa Tarayyar Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai. A 1977 aka kafa makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, aka biyo da ta 'yan mata a Taura, kuma babu wata dabara da ta samar wa yankin likitoci kamar wannan, domin ta kama matsalar daga tushe, inda yaro ke fara haɗuwa da ilmin sinadarai da na halittu. Jami'ar Bayero ta buɗe tsangayar likitanci a shekarun 1980, aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988. Amma ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke Jigawa, jami'ar da asibitin koyarwar da Asibitin Murtala da manyan likitocin duk suka zauna a Kano. Sabuwar jiha, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da miliyan 4, ta tashi ba ta da jami'a ko ɗaya. Sai a 2011 aka kafa ta tarayya a Dutse, ta jiha a Kafin Hausa ta biyo a 2013. Kazaure ta samu kwalejin kimiyya da fasaha, ta samu cibiyar koyon kwamfuta a zamanin Saminu Turaki, ɗan garin, amma yaron Roni da ke son aikin likita dole ya je ya yi gogayya a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri. Guraben can kuwa ƙididdigaggu ne, saboda hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace makaranta iyakar ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Yara da yawa masu sakamako mai kyau sukan ƙare a wani fannin da ba shi suka nema ba. Ƙarancin kujera a gida shi ya kai Dikko Birmingham, shi ne kuma ya kai 'ya'yan Jigawa Shenyang.

Saboda haka wanda ya ce tura ɗalibai waje ɓarna ce zalla, a tattara kuɗin a gina makaranta a gida, ya faɗi rabin gaskiya ne. Kuɗi na gina aji da ɗakin gwaji a shekara biyu, amma ba sa gina malami. Kafin yaro ya zama ƙwararren likitan da zai iya koyar da wani, sai ya yi shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, shekara ɗaya ta hidimar ƙasa, sannan shekara biyar ko shida na horon ƙwarewa. Jihar da ba ta da irin waɗannan mutane ba za ta samu amincewar MDCN ba ko ta gina bene hawa goma. Dole a samo iri daga wani wuri. Akwai kuma buƙatar da ba ta jira: a ƙauyukan wannan yanki, mace da yawa takan jure ciwo wata da watanni don ba ta son namiji ya duba ta, ko don maigida bai yarda ba. Likita mace ɗaya a sashen haihuwa tana jawo matan da likita namiji goma ba za su jawo ba. Iyaye da yawa kuma sun fi sakin jiki su bar 'yarsu ta tafi Sudan ko Masar, inda addini da sutura da abinci ba su yi nisa da na gida ba, kuma a kan wannan tunani gwamnatin Kano ta Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura 'yan mata karatun likita tsakanin 2011 da 2015. Wannan hujja ce mai nauyi, ban ga yadda mai adalci zai ture ta ba.

Sai dai shekarun baya-bayan nan sun nuna irin hatsarin da ke cikin ajiye rumbunka a gonar wani. Annobar korona ta rufe Sin a 2020, karatu ya koma ta intanet. A Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukren, dubban ɗaliban Nijeriya, da yawansu masu karatun likita, suka tsere ta iyakokin Poland da Romaniya da Hungary, kuma MDCN ta fito ta ce ba za ta karɓi karatun likita da aka yi ta intanet ba. Bayan wata goma sha huɗu sai ga Sudan, inda ɗalibai suka kwana a hamada a bakin iyakar Masar suna jiran izinin shiga. Sannan a Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Kuɗin makarantar da aka yi wa kasafi ya ninka sau uku ba tare da an ƙara ɗalibi ko ɗaya ba. Gwamnati na iya cije haƙori ta biya, amma uban da ya sayar da gona ko shanu ya tura ɗansa da kuɗinsa, shi kam sau da yawa a tsakiyar kogi jirgin ya tsaya masa.

Gardama ta biyu ta fi zafi, ita ce ta masu cewa likitan waje bai kai na gida ba. Suna kafa hujja da jarrabawar da MDCN ke yi wa duk wanda ya karanto a ƙetare kafin a ba shi lasisi, wadda a wasu zaman fiye da rabin waɗanda suka rubuta suke faɗuwa. Alƙaluman gaskiya ne, fassarar ce ke buƙatar gyara. Yaran nan ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, da yawansu su ne zakarun makarantunsu. Abin da suka rasa shi ne majiyyaci. Ɗalibin da ke Sin yana sauraron lacca da Turanci, amma tsohon da ke kwance a gadon asibiti Sinanci yake yi, kuma doka da al'ada ba sa barin baƙon ɗalibi ya taɓa shi yadda na gida zai taɓa. Cututtukan da ya gani na ƙasar sanyi ne da ta masu tsawon rai. Ranar da ya zauna a ɗakin duba marasa lafiya a Kazaure, wata duniya zai tarar. Dattijo zai zauna ya ce, “Likita, sanyi ne ya kama ni,” kuma sanyin nan yana iya zama ciwon gaɓoɓi, yana iya zama ciwon mafitsara, yana iya zama abin da kunya ta hana shi ambata. Uwa za ta kwance goyo ta ce shawara ce, sai ya duba idon yaron da tafin hannunsa ya rarrabe ko ciwon hanta ne, ko amosanin jini, ko zazzaɓin da ya cinye jini. Za a kawo mai ciki tana jijjiga, dangi na cewa iska ce, ga rubutu a kwano an riga an ba ta. A watan Agusta da Satumba zai ga ɗakin yara ya cika maƙil da zazzaɓi da tamowa, a bazara kuma ya riƙa taɓa wuyan duk yaron da ya zo da zafin jiki saboda sanƙarau. Ba a koyon wannan a Shenyang ko a Nikosiya ta Sayifurus, kuma ba laifin Shenyang ba ne. Afirka ta Kudu, wadda ta fara tura 'ya'yan karkara Kuba karatun likita tun shekarun 1990, ta gane haka, shi ya sa in sun dawo sai sun shiga jami'o'in gida sun yi wajen shekara ɗaya da rabi a asibitocinta kafin a yaye su. Digirin waje rabin aiki ne, ragowar rabin yana wuyan jihar da ta tura.

Gardama ta uku ita ce guduwa: a kashe miliyoyi a kan yaro, ya dawo ya yi shekara biyu, ya wuce Saudiyya ko Ingila. Wannan ma ba ƙarya ba ne. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, saura wajen 55,000 suka rage wa mutum sama da miliyan 200. A 2023 har an kai ƙudiri Majalisar Wakilai na a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. Amma masu guduwar nan mafi yawansu a Ibadan da Zariya da Kano da Inugu suka yi karatu, don haka ba jirgin farko ne ke koya wa mutum hanyar fita ba. Kuma ga jiha irin Jigawa, ba Riyad ce kaɗai ke janye likita ba. Asibitin tarayya da ke Kano, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Kazaure, ya ishe shi. A duba daren sabon likita a babban asibitin ƙaramar hukuma. Ƙarfe biyu aka shigo da mace daga wani ƙauyen Gwiwa a bayan a-kori-kura, kwana biyu tana naƙuda, hannun jariri ya fito. Shi ne likita ɗaya da ke bakin aiki, watakila shi kaɗai ne a garin. Yana buƙatar jini leda biyu, da wuta a ɗakin tiyata, da mai sa barci, da wani babba da zai kira ya ce masa ga abin da na gani, me zan yi. In ya rasa na ƙarshen nan, ko da ya samu sauran, to kowane dare irin wannan yana tura shi ga neman wurin da zai samu malami. Takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu kafin a biya masa karatu za ta riƙe shi shekarun da aka rubuta, ranar da suka cika zai ɗauki jakarsa. Abin da ke zaunar da matashin likita shi ne ya ga hanyar zama ƙwararre ba tare da ya bar jiharsa ba, sai gida, da makarantar 'ya'ya, da albashin da bai gaza na takwaransa na tarayya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara wani sharaɗi a shawarwarinta na 2010, bisa binciken ƙasashe da dama: wanda ya tashi a karkara ya fi zama a karkara. Wannan ya sa yadda ake zaɓen waɗanda za a tura yake da muhimmanci kamar inda za a tura su. In gurbin Roni ya tafi ga ɗan babban ma'aikacin da bai taɓa kwana a Roni ba, an riga an yi asarar likitan tun kafin a saya masa tikiti.

Jigawa ta yau ba ta 1991 ba ce, kuma adalci ne a faɗi haka. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Jami'ar Tarayya ta Dutse tana koyar da aikin likita, Asibitin Rasheed Shekoni ya zama asibitin koyarwarta. Akwai makarantar ma'aikatan jinya da ungozoma a Babura, da ta kimiyyar lafiya a Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008. Kazaure tana da babban asibiti, tana da asibitin masu taɓin hankali wanda jihar ke dogaro da shi, fannin da ƙwararrunsa suka yi ƙaranci a duk faɗin Arewa. Wato gonar da za a shuka irin ta fara samuwa, abin da Zariya ta samu a 1967 ya fara tsirowa a nan. Abin da ya rage shi ne a yanke shawarar da gwamnatin Arewa ta yanke a wancan lokaci, kuma shawara ce mai ɗaci, domin tana nufin a hana wasu asibitocin karkara likitan da suke buƙata yau, a bar shi ya tafi horon ƙwarewa na shekara biyar, a kuma tara ƙwararrun a wurare kaɗan inda za su iya karɓar sababbin likitoci, maimakon a raba su ɗaya-ɗaya don kowane ɗan majalisa ya ce an kai wa mazaɓarsa. Kazaure, da yawan jama'arta da hanyoyin da suka haɗa ta da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura, tana cikin wuraren da suka cancanci zama irin wannan cibiya, inda yaron da ya dawo daga Sayifurus zai yi shekararsa ta sanin makamar aiki a hannun likitan mata da na yara da na tiyata da na cututtukan ciki, yana jin Hausar majiyyatansa da Fulatancinsu.

Waɗanda suka tashi zuwa Shenyang a 2016, in komai ya tafi daidai, wajen 2030 ne na farkonsu za su kai matsayin da za su tsaya a gaban ɗalibai. Daga yanzu zuwa lokacin, akwai lissafin da ya kamata Ma'aikatar Lafiya a Dutse ta riƙa fitarwa duk shekara, majalisar jiha ta riƙa tambaya, sarakuna da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa su riƙa bibiya: cikin sittin ɗin nan da waɗanda suka biyo su, nawa suka ci jarrabawar MDCN, nawa ke aiki a jihar kuma a wane asibiti, nawa suka shiga horon ƙwarewa kuma a wane fanni, mata nawa ne a ciki, nawa kuma aka yi wa tanadin kujerar koyarwa a Dutse ko Birnin Kudu ko Kazaure.